Tabon da Na Goge

Jama'a, yau babu kwalliyar magana. Masu rubuto min "Auta kin yi dace, Allah Ya ba mu irin naki," ku ɗan riƙe addu'ar taku tukuna, ku ji yadda aka yi na samu abin da kuke taya ni murna a kai. Wata biyar ina zaune a kan maganar nan, har ku da nake faɗa wa komai na ɓoye muku.

Shagon hoto gare mu, wanda Baba ya rasu ya bar mana. Ɗaki biyu ne. Na gaba akwai kanta, da madubi, da farin labulen da ake tsayar da mutum a gabansa a ɗauke shi hoton fasfo. Nan ne wurina. Na baya ba shi da taga, daga kwamfuta sai firinta sai dogon teburin da ake shanya hotuna. Nan ne wurin Yaya. Ba wanda ya raba mana aikin, shi ya raba kansa. Ni ina da baki, ita tana da in'ina. Shekara bakwai ta ba ni, amma tun ina 'yar mitsitsiya ni ce bakinta. In aka aike mu kanti, ita ke riƙe jaka ni ke magana. In baƙo ya tambaye ta sunanta, kafin ta gama kokawa da harafin farko na faɗa. In wayarta ta yi ƙara, ni ake ƙwala wa kira in zo in ɗauka. Haka na tashi, na saba amsa tambayar da ba ni aka yi wa ba.

Ranar da Mai Tabarau ya fara shigowa, hoton fasfo ne ya kawo shi. Likitan ido ne a ƙaramin asibitin da ke tsallaken titinmu, dogo, mai sanyin murya, rigarsa kullum a goge kamar ba ya zama da ita. Yana jiran hotonsa ya fito sai ya tsaya gaban wani hoto da ke rataye a bango, mara kala, na wani tsohon tela zaune a ƙofar shagonsa. Ya cire tabarau, ya kai fuskarsa kusa, ya mayar.

"Ikon Allah," ya ce. "Duk duhun da ke bayan mutumin nan, amma ina iya ƙirga zaren da aka jera a kan kantarsa. Malama, wa ya buga wannan?"

Ƙofar ɗakin baya a ɗan buɗe take. Ina jin motsin kujerar Yaya.

"Ni ce," na ce.

Wallahi ban shirya ba. Bakina ne ya riga hankalina yadda ya saba. Amma da ya juyo ya yi min wani irin kallo, wanda ba na fuska ba ne kuma ba na kwalliya ba, sai daɗi ya ratsa ni har ƙafa na kasa janye maganar. Ya sayi hoton ya tafi da shi. Bayan kwana huɗu ya dawo, babu hoton da zai ɗauka, babu wanda zai karɓa. Daga nan aka fara. A wayata "Tabarau" na sa masa, shi kuma "Gwanata" yake ce min, sunan da duk ya faɗa sai na ji kamar an taka min ɗan yatsa.

Yaya ba ta taɓa ce min uffan ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Kar ku ce ban taɓa yunƙurin gyarawa ba. Na taɓa, sau ɗaya tak. Ina yanka wa Mama albasa a kicin, Gwaggo ƙanwar Baba tana zaune bakin ƙofa tana cire takalmi, na daure na faɗa musu yadda aka yi.

Mama ta ajiye ludayi. "Ke dai akwai neman magana. Shago ɗaya, uba ɗaya, wa ya yi wa bai yi ba? Hoton zai aura?"

Gwaggo ta karɓe. "Ki rufa mana asiri ki kama bakin nan naki ko sau ɗaya a rayuwa. Ɗaya ta zauna mana ba aure, ba za mu zuba ido ta biyu ma ta zauna ba."

Yaya na wanke-wanke a wajen famfo, taku uku tsakaninta da su. Ba ta juyo ba. Ni kuma na ci gaba da yankan albasata, ina jin daɗi a ƙasan raina wai an ba ni izinin yin shiru.

To, Litinin ɗin da ta wuce sai ga shi ya shigo shago da wata 'yar ambulan a aljihun gaba. Bai zolaye ni kamar kullum ba. Ya zaro wani tsohon hoto da bai fi tafin hannu ba, kusurwoyinsa duk sun nannaɗe, ya ajiye a kan kanta da yatsu biyu. Wata siririyar mata ce tsaye a bakin ƙofar ɗaki, zani mai manyan furanni a jikinta, tana murmushin da bai gama fitowa ba. Bayanta duhu ne.

"Mahaifiyata ce," ya ce. "Ina shekara huɗu ta rasu. Shi kaɗai gare mu. Baba ya ce ranar an so a ɗauke mu tare, ina ganin mai hoto na tsorata na gudu. Kin ga ni da ita ba mu da hoto ko ɗaya."

Na ce Allah Ya jiƙanta.

"Ranar Asabar zan kawo Baba ya gaisa da Mama. Ina so ki buga min shi babba, irin na telan nan. In ba shi a gabanki in ce ga aikin wadda na zaɓa. So nake ya san ki ta hannunki kafin ya san ki ta bakina."

Gabana ya yanke ya faɗi. Amma kun san ni. "Wannan ai ba wani abu ba ne," na ce, har da gyara mayafi.

Da na ga dama da na miƙa wa Yaya ta ƙofar baya yadda nake miƙa mata komai. Sai wata dabara ta zo min, irin ta wanda ƙarya ta gama cin ransa. Na ce wa kaina in na buga wannan da hannuna, ai shi ke nan, maganar da na faɗa wata biyar baya ta zama gaskiya, makara kawai ta yi. Na tura ƙofa na shiga.

"Yaya, ki koya min bugun baƙi da fari."

Ta dubi hoton da ke hannuna, ta dube ni. Ba ta tambayi dalili ba. Ta sa ƙafa ta jawo min kujera.

Shekara shida ina shagon nan, ban taɓa zaman minti goma a ɗakin baya ba. Firintar nan tsohuwa ce, ta Baba, ƙatuwa, ta cinye rabin tebur. Ashe bayan rasuwarsa Yaya ta zubar da tawadar kalar da ke ciki, ta wanke hanyoyinta, ta ɗura wasu guda bakwai, dukkansu baƙi amma ba ƙarfi ɗaya ba: ta farko baƙa ƙirin, ta ƙarshe kamar ruwan da aka ɗauraye buroshi a ciki. Ita firintar ba ta san an yi mata haka ba, har yanzu gani take ja da shuɗi da rawaya ne a cikinta. In ka tura mata hoto ta hanyar da kowa ke turawa, shirme za ta zubo maka. Sai da wata manhaja ta musamman, wadda ke faɗa wa kowace tawada nawa za ta zuba kuma a ina.

Na ɗauka zan ga abu mai kyau irin na waya. Ina! Wata 'yar mummunar taga ce a fuskar kwamfuta, ruwan toka, mai akwati uku: girman takarda, awo, da maɓallin bugawa. Hoton ma ɗan ƙarami take sa shi a gefe kamar kan sarki.

"Mene ne kuma awo?" na tambaya.

"Kowace takarda da yadda take shan tawada," in ji Yaya. "Ta auduga tana sha da yawa, mai sheƙi ba ta sha. Awo shi ke faɗa wa firinta girman cikin takardar. Kuma ba a aron na wata. Wannan sabuwar da za mu buɗe, sai mun yi mata nata."

Na tsaya ina kallon bakinta. Jimla biyar a jere, ko tuntuɓe ɗaya ba ta yi ba. Ashe in hannunta na kan aikin nan maganarta sakuwa take. Shekara ashirin da huɗu muna ɗaki ɗaya ban sani ba.

Ranar Talata ba mu ko taɓa hoton ba. Sai da ta sa na buga wasu siraran layuka a farar takarda don a ga ko bakin kowace tawada na fitarwa. Ɗaya ta yi giɓi, muka wanke, muka sake. Sannan ta buɗe wani abu da take kira tsani: akwatuna ashirin da ɗaya a jere, daga fari fat zuwa baƙi ƙirin, kowane ya ɗan fi na gabansa duhu. Muka buga shi a sabuwar takardar. Na miƙa hannu zan ɗauka, ta buge min shi.

"Sai gobe."

"Gobe? Yaya ai ya bushe."

"A hannu ya bushe. Launin bai zauna ba."

Wayata ta yi tsuwa a cinyata. Tabarau ne: "Gwanata, ya aikin?" Na rubuta masa: "Ana kai, kar ka damu." Har da fuskar murmushi na haɗa. Yaya ta gani, ta kau da kai ta hau goge tebur.

Laraba muka auna tsanin da wata 'yar na'ura mai kama da sabulun wanka. Ka ɗora ta kan akwati, ta yi ƙit, lamba ta fito a kwamfuta, ka matsa na gaba. Manhajar ta haɗiye lambobin ta gyara awon, muka sake buga tsanin. Ni dai har ga Allah na gaji. Na ce mata akwati ukun ƙarshe duk ɗaya ne, baƙi baƙi ne. Ta kama hannun rigata ta ja ni har bakin ƙofar shago inda hasken rana yake, ta karkata takardar. Sai ga su sun rabu, kowane da iyakarsa, siririya kamar gashi.

"Nan aikin yake," ta ce, ta ɗora farce a kan ukun. "Kar ki yarda da fuskar kwamfuta. Ki duba takarda."

Ta kuma nuna min abin da take yi wa kowane hoto in ya bushe. Takan kifa shi ta rubuta da fensir a baya: irin takarda, wane awo, bugu na nawa, sai wata 'yar alama kamar ƙugiya da take sa wa duk abin da yake nata tun tana firamare. Ina ganin alamar nan na tuna telan da ke rataye a ɗakin Mai Tabarau. Sa'ata ɗaya, an rufe bayan firam ɗin da kwali da salatif.

Ranar Alhamis Yaya ta raka Mama asibiti awon jini, aka bar ni ni kaɗai. Ta riga ta yi wa hoton sikanin ta ajiye min shi a kwamfuta, ta ce in kalle shi kawai, kar in taɓa komai sai ta dawo. Kun san inda maganar ta bi. Motarsu ba ta bar layi ba na rufe ƙofar gaba na zauna a kujerarta.

Farko na ƙara hasken fuskar kwamfutar har ƙarshe, don Yaya dusu-dusu take barinta kamar mai ciwon ido. Sai hoton ya fito min duk tabo-tabo, bayan matar ya yi hazo kamar an watsa toka. Na ce wannan ai fannina ne, ni da nake gyara hoton waya har ƙawaye na turo min nasu. Na goge ɗigo-ɗigon fuska. Na ja duhun ya zama duhu sosai, farin ya zama fari, matar ta fito tar. A gefen zaninta na dama, daidai cinya, akwai wani ɗan tabo mai haske-haske, ba siffa ba fasali. Na ce danshi ne ya ci takardar. Na ɗauki baƙi na shafe shi tas, ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba.

Takardar farko a kife na sa ta, tawadar ta kwanta a sama tana kallona, na nannaɗe na cusa ƙasan kwandon shara. Ta biyu ta fito. Jama'a, na ga kyau! Na zagaya teburin sau biyu. Na shanya ta na ɗauki waya: "Na gama. Sai ka gani." Ya amsa nan take: "Ban taɓa shakka ba." Ƙarfe huɗu da Yaya ta dawo na ce mata kaina na ciwo, na ɗauki jaka na gudu gida, don kar in tsaya a yi min gyara.

Juma'a da safe na shiga ɗakin baya na tarar da hoto biyu a kan tebur. Nawa, da wani a gefensa.

Yaya ta miƙe daga kujerarta. Ta ɗauki ɗaya a kowane hannu ta nufi bakin ƙofa, na bi ta kamar wadda aka kama da sata. A hasken rana nawa ya zama wani abu dabam da wanda na bari jiya. Matar kamar an yanko ta da almakashi an manna a kan allo. A na Yaya kuwa tana tsaye a ƙofar ɗakinta na gaske: ga katakon ƙofa, ga gefen gado can ciki, ga wani kwano a ƙasa, duk a cikin duhun amma suna nan. Idona ya sauka gefen zanin, inda na shafe.

Yatsu huɗu ne. Ƙanana, sun damƙi zanin har ya tattare. Sama da su kaɗan, a cikin duhun da bai kai baƙi ba, ga da'irar kan yaro ya lafe a bayan ƙafarta.

Bai gudu ba. Bayanta ya ɓuya.

Na dubi nawa, wurin baƙi sumul. Mutumin da ya ce min shi da uwarsa ba su da hoto ko ɗaya ya kawo min ɗayan da suke tare, ni kuma na cire shi daga ciki don in burge shi. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi. Na so ƙasa ta tsage.

"Ya aka yi kika gani?" na ce da ƙyar.

"Na d-duba ne."

Muka koma ciki. Ta kifa nata a kan tebur. Bayansa fari fat, babu rubutu, babu ƙugiya. Ta zaro fensir daga gashinta ta sa min a hannu.

"Ki rubuta. Takardar auduga, awo na uku, bugu na huɗu. Da h-hannunki, kar wata rana ya ga rubutun ya bambanta."

Hawayen da nake riƙewa suka ɓalle. "Yaya, kin ji ni ranar nan. Ranar telan."

"Na ji."

"To me ya sa ba ki fito kin ce ke ce ba?"

Ta yi ɗan murmushi, ba na gori ba, ba na haushi ba. "Na t-tashi ai. Kafin in f-faɗa ya tafi."

Ta ɗauki tsintsiya ta fita share gaban shago, aikin da nawa ne.

Na daɗe da fensirin a hannu. Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, da jarumta ce da na tsallaka titi na faɗa masa ido da ido. Ni bakin gidanmu, ranar da maganar ta zama tawa ta kaina sai bakin ya mutu. Abin da na iya shi ne na sunkuya na rubuta: "Takardar auduga. Awo na uku. Bugu na huɗu. Yayata ce ta buga. Telan da ke ɗakinka ma ita ce, ka buɗe bayansa ka gani. Ni na ga hannunka na ɗauka datti ne na goge." Na zura shi a babbar ambulan mai kwali na liƙe kafin in canja ra'ayi. Ko Yaya ban nuna wa ba.

Asabar tun safe gidanmu ya ɗauki ƙamshi. An canja labulen falo, an fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa, Gwaggo ta iso tun hantsi tana ba da umarni daga kan kujera. Na sa doguwar riga ruwan zuma mai aiki a wuya, da mayafi mai shara-shara, da 'yan kunnen Mama na zinari. Duk wanda ya gan ni sai ya ce masha Allah. Ni kuwa ji nake kamar kayan aro ne har fatar.

Ƙarfe huɗu suka iso. Babansa ɗan tsamurmurin dattijo ne mai sanda, mai yawan godiya. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Yaya ta shigo da tiren shayi, tsohuwar rigarta ta gida a jikinta, ta durƙusa ta ajiye. Dattijon ya ce, "Sannu 'yata." Ta buɗe baki, Gwaggo ta riga ta: "Yayarta ce, ba ta cika magana ba." Yaya ta tashi ta fita.

Sai Mai Tabarau ya karɓi ambulan daga hannuna ya buɗe a kan gwiwar babansa.

Dattijon ya daɗe yana kallon fuskar matarsa. Sannan idonsa ya gangara, ya tsaya, ya ɗago hoton kusa da hancinsa.

"Kai," ya ce wa ɗansa. "Kai, ashe bayanta ka shige. Mu muna can muna nemanka a waje."

Mai Tabarau ya cire tabarau, ya kai fuska kusa, ya mayar, daidai yadda ya yi ranar farko. Sai ya miƙa yatsunsa manya ya tsayar da su a saman ƙananan, bai taɓa takardar ba. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya ɗago ya yi min kallon nan, ninki goma.

"Ai tun tana ƙarama haka take," in ji Mama tana share ido da gefen mayafi. "Hannun babanta ta ɗauko."

"Allah Ya yi wa hannun nan albarka," in ji dattijon.

Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunyar surukai ce. A raina ina roƙon Allah Ya sa su juya hoton, ina kuma roƙon kar Ya sa, duk a numfashi ɗaya. Ba wanda ya juya. Suka mayar da shi ambulan a hankali, dattijon ya rungume ta a ƙirji har mota.

Rana ba ta gama faɗuwa ba ina zaune bakin gado, ko 'yan kunnen ban cire ba, wayata ta yi tsuwa. Hoto ne ya turo. Bayan firam ɗin telan, an yage salatif an ɗaga kwalin. Ga rubutun Yaya siriri da fensir, ga ƙugiyar a ƙasa.

Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa.

"Na karanta."

Babu Gwanata. Babu Auta ma. Na biyun ya biyo baya:

"Ki turo min lambar Yayarki."

Ban san me zai ce mata ba, kuma har yanzu da nake muku rubutun nan ban sani ba. Ko godiya ce, ko haƙuri zai ba ta, ko kuma abin da ku ma kuka yi tunani ni ma na yi. Yatsuna suka rubuta da kansu: "Ba ta son magana a waya, faɗa min in faɗa mata." Gaskiya ce kuwa, ba ta so. Na zuba wa layin ido, na ga wata biyar ɗin nan duka a cikinsa, da shekarun da ke gabansu. Na goge. Na tura masa lambar.

Ko minti biyu ba a yi ba wayar Yaya ta fara ƙara a kicin, inda take wanke kofunan baƙi.

"Auta!" Mama ta ƙwala daga falo. "Zo ki ɗaukar wa yayarki waya, hannunta da kumfa!"

Na damƙe zanin gadon da hannu biyu ban motsa ba.

"Auta! Ba kya ji ne?"

Wayar ta yi ta ƙara. Sai na ji an kashe famfo. Na ji ta goge hannu a jikin riga. Ƙarar ta tsaya.

Daga inda nake zaune ina jin Yaya ta fara kokawa da harafin farko na sallama. Ta daɗe a kai, ta fi kullum daɗewa. Ba wanda ya ƙarasa mata, shi kuma bai kashe ba.